Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastocinmu da dattawan ikilisiya: ku yi wa'azin 'ya'yan Lai'atu ma

Zuwa ga iyayenmu fastoci, dattawan ikilisiya, shugabannin zumuntar mata, da 'yan'uwana malaman makarantar Lahadi a majami'un da ake sujada da Hausa.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da garken da aka ba ku kiwo. Bayan gaisuwa, ina neman gafara tun kafin in buɗe baki, don yaro ne zai yi magana a gaban manya. Ban yi makarantar tauhidi ba. Malamin firamare ne ni, ran Lahadi kuma ina koya wa yara labaran Littafi Mai Tsarki a gindin dalbejiya bayan majami'a. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, maganar da na kawo muku kuwa daga ɗakinmu na ɗauko ta. Maƙwabtanmu Musulmi da za su ci karo da wasiƙar nan, ku yi haƙuri, zancen cikin gida ne. Na san darajar da kuke ba annabawan nan, ni ma ba raina su nake yi ba, abin da ke rubuce a Littafinmu nake bi.

Kokena a kan yadda muke wa'azin Littafin Farawa ne, tun daga gidan Ibrahim har zuwa mutuwar Yusufu. Kullum a gefen ɗan lele muke tsayawa. Mu ne Ishaku, mu ne Yakubu, mu ne Yusufu mai mafarki, sauran 'ya'yan gidan kuwa sai mu mai da su maƙiya da mahassada waɗanda wata rana za su zo su durƙusa. Na daɗe ina jin daɗin irin wannan wa'azi, ina kuma da dalili. Ni ne ɗan lelen gidanmu.

Matan Baba biyu ne, ya aure su tun kafin ya ba da gaskiya. Uwargida, wadda duk muke kira Iya, 'ya'yanta biyar. Mahaifiyata ce amarya, mu biyu ta haifa. Ba mai faɗa a gabansu, amma duk unguwa an san wace ce mowa, wace ce bora. In Kirsimeti ta matso, Baba yakan sayo yadi ɗaya a yanka wa 'ya'yan Iya, tela ya ɗinka musu iri ɗaya kamar 'yan makaranta. Ni kuwa sai ya ɗora ni a kekensa Raleigh mu tafi kasuwar gari, in zaɓi riga da wando ɗinkakku, a gwada mini takalmin Bata, a hanyar dawowa mu tsaya wurin mai tsire. Da dare in ya ci tuwo, sunana yake kira, in je in ɗauko kwanon, a ciki ya bar mini tsokar nama. A tsakar gida nake zama in cinye, a gaban kowa, ban taɓa ɗaga kai na dubi fuskar wani ba. Da Yaya, ɗan farin Iya, ya gama firamare, Baba ya ce ba kuɗi, ya miƙa masa shanun noma da garma. Da na gama tawa, kuɗi suka samu. Gyaɗa da dawar da Yaya ya noma su suka kai ni sakandare, su suka kai ni kwalejin horon malamai.

Wata Lahadi, shekara biyu bayan rasuwar Baba, aka gayyato mana baƙon mai wa'azi, ni aka sa in karanta nassi, Farawa sura 37. Mai wa'azi ya hau mumbari ya ce duk mai riga mai ado sai ya yi maƙiya, maƙiyan nan kuma a cikin gida suke. Ya ce kowa ya ɗaga hannu ya furta cewa dammunan 'yan'uwansa za su rusuna wa nasa. Majami'a ta ɗauki Amin, har da ni. Daga inda nake zaune na hango Yaya a bencin baya ya ɗauki hularsa ya fita. Na zaci zagayawa zai yi. Bai dawo ba ran nan, bai kuma sake shiga majami'a ba har yau.

Da kaka na same shi a gona yana ɗaurin dawa. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in tambaye shi, shi kuwa bai bar ɗaurin ba. Ya ce, "Malam," haka yake kirana tun da na fara koyarwa, ban kuma taɓa tantance ko girmamawa ce ko wani abu dabam ba, "kai da ka yi karatu, buɗe sura 42 ka duba ƙarshenta. Da Yakubu ya ce wan yaron ya mutu, shi kaɗai ya rage, su taran nan da ke tsaye a gabansa itatuwa ne?"

Na koma gida na buɗe. Haka yake, aya 38. 'Ya'ya tara sun dawo daga Masar da hatsi, na goman, Saminu, yana tsare a can, ba za a sake shi ba sai an kai Biliyaminu, autan Yakubu, ƙanen Yusufu uwa ɗaya. Ra'ubainu, ɗan fari, har cewa ya yi a kashe 'ya'yansa biyu in bai dawo da yaron ba. Tsoho ya ce ɗansa ba zai tafi ba, shi kaɗai ya rage. Sai da hatsin ya ƙare, yunwa ta sake matsawa, sannan ya yarda, duk tsawon lokacin nan kuwa Saminu yana ɗaure. Na karanta wurin nan ya fi a ƙirga, na koya wa yara shi, ban taɓa jin abin da Yaya ya ji ba. Tun daga ran nan na koma na bi labaran daga farko, kamar ina zaune a bencin baya. Na tarar Littafin bai ɓoye kome ba, mu ne muke tsallakewa. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, ayoyin nan suna gabanmu cikin harshen da muke faɗa da shi, muke sa albarka da shi.

Ba zan daɗe a gidan Ibrahim ba. Yana da shekara 86 aka haifi Isma'ilu, yana da 100 aka haifi Ishaku, wato yaron ya yi shekara 14 shi kaɗai ne ɗa a gidan, kafin wata safiya a ɗora wa mahaifiyarsa Hajaratu abinci da salkar ruwa su nufi jejin Biyer-sheba. Mukan yi saurin cewa Allah ne ya ce Ibrahim ya bi maganar Saratu, gaskiya ne kuwa. Amma sura 21 ɗin ce ta ce abin ya ɓata wa Ibrahim rai ƙwarai saboda ɗansa, ita ce kuma ta ce Allah ya ji muryar yaron a inda yake, ya buɗe idon uwar ta ga rijiya, yana tare da yaron har ya girma. Sau nawa aka yi wa agola da ɗan riƙo da ke zaune a gabanmu wa'azin wannan?

Gidan Ishaku ne ya fi tsaya mini a rai, ina kuma roƙo ku saurare ni a nan, don na san abin da wasu suka riga suka ce a zuci: ai matsalar gidanku auren mace fiye da ɗaya ce. To, Ishaku mace ɗaya ya aura. Yana da shekara 40 ya ɗauki Rifkatu, an rubuta ya ƙaunace ta, suka yi shekara 20 ba haihuwa, yana yi mata addu'a, bai yi mata kishiya ba, har tagwaye suka zo yana da 60. Da a yau ne, a taron ma'aurata sai mu tsai da su a gaba mu ce a yi koyi. Ciki ɗaya, rana ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk da haka Farawa 25:28 ta tsaga gidan biyu da aya guda: Ishaku yana ƙaunar Isuwa saboda yana cin naman farautarsa, Rifkatu kuwa tana ƙaunar Yakubu. Ku dubi dalilin uban. Nama. Ba a ambaci hali ko tsoron Allah ba, abin da yaron yake kawowa a kwano aka ambata. Ku gaya mini wannan bai yi kama da gidajenmu ba, inda ɗan da yake turo kuɗi ta waya daga Abuja ko Legas shi ake kira a ji ta bakinsa, wanda kuwa yake gida yana kai tsoho asibiti yana wanke masa kaya, shi ne marar zuciya.

Sauran labarin kun fi ni saninsa. Tsoho ya makance, ya kira Isuwa shi kaɗai zai sa masa albarka, uwa tana laɓe tana ji. Miji da mata ba su zauna sun yi shawara ba, kowa ya ja nasa ɗan gefe. Aka yanka 'yan awaki biyu, aka ɗauko rigar Isuwa, aka naɗa fata a hannu da wuya. Da Yakubu ya yi ɗari-ɗari, tsoron kada a kama shi ne ya dame shi, uwar ta ce la'anar ta komo kanta. Can sai ga Isuwa da nasa abincin. Magidanci mai mata biyu, wanda ya haura shekara 40, ya fashe da kuka kamar yaro, yana tambayar ubansa ko albarka ɗaya tak gare shi, yana roƙo shi ma a sa masa. Na sha jin an karanta wurin nan an yi dariya, a ce ai shi ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon miya. Ya sayar, ba musu, Ibraniyawa 12 ma ta yi gargaɗi da shi. Amma ni yanzu in na zo ayar nan murya takan sarƙe mini. Ku kuma duba abin da ya yi a sura 28. Da ya ga matansa 'yan Kan'ana ba su gamshi mahaifinsa ba, sai ya tafi gidan Isma'ilu ya auro 'yarsa Mahalat, ko tsoho zai dube shi da idon rahama. Ɗan da aka tsallake ya je neman aure gidan ɗan da aka sallama.

Rifkatu fa, me ta ci a ciki? Ta ce Yakubu ya gudu Haran wurin ɗan'uwanta Laban ya yi 'yan kwanaki, in fushin wansa ya huce za ta aika a kira shi. 'Yan kwanakin suka zama shekara 20. Ba inda aka rubuta ta aika, ba inda aka rubuta sun sake ganin juna, ko ranar mutuwarta ba a faɗa ba, sai dai inda aka binne ta. Iyayena mata na zumunta, ku gafarce ni, wannan kashin naku ne. Ba a zaure kaɗai ake ƙulla wariya tsakanin 'ya'ya ba, har a bakin murhu ana yi, wajen wa za a ƙara wa miya, wa za a rufa wa asiri kada ubansa ya ji. Mahaifiyata ba muguwa ba ce, amma ban taɓa jin ta ce wa Baba ya isa haka ba.

Da sai ka ce wanda ya ga abin da wariya ta yi wa gidan ubansa zai kiyaye. Ina! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. An cuci Yakubu a daren biki, ba wanda ya musa, shekara bakwai ya yi wa Laban bauta saboda 'yarsa Rahila, gari ya waye ya ga yayarta Lai'atu aka kawo masa. Amma haushin Laban a kan Lai'atu da 'ya'yanta ya huce shi har tsufa. Ku karanta sunayen da matar nan ta raɗa wa 'ya'yanta a ƙarshen sura 29, ku ji irin zaman da take yi. Da ta haifi Ra'ubainu ta ce yanzu mijinta zai ƙaunace ta. Da ta haifi Saminu ta ce Ubangiji ya ji ba a sonta. Da ta haifi Lawi ta ce yanzu kam miji zai shaƙu da ita, tun da ta ba shi uku. Mu da muke sa wa yara suna Haƙuri da Dogara da Godiya, mun san suna yana ɗauke da labarin ɗaki. Yaran nan duk sa'ad da aka kira su cin abinci, kukan uwarsu ake maimaitawa. Sai a na huɗu, Yahuza, ta bar ambaton miji ta ce wannan karon Ubangiji za ta yaba, ko da yake a na shida, Zabaluna, begen ya sake dawo mata. Har kwana sai da ta saya a hannun ƙanwarta, da wani tsiro da Ra'ubainu ya samo mata a saura lokacin kakar alkama. Yaron da ya kawo tsiron yana nan yana gani.

Wurin da ya fi ƙona mini rai shi ne farkon sura 33. Isuwa yana tafe da mutum 400, Yakubu kuwa ya riga ya faɗa wa Allah tsoronsa, kada wansa ya zo ya hallaka su, uwaye da 'ya'ya. Sai ya jera iyalinsa. Kuyangin nan biyu, Bilha da Zilfa, da 'ya'yansu a gaba, Lai'atu da nata a tsakiya, Rahila da Yusufu can baya. Shi kansa ya wuce gabansu duka, wannan a yaba masa. Amma ku ɗauka ku ne Dan ko Naftali ko Gad ko Ashiru, ɗan kuyanga, yaro ƙarami, ka waiga ka ga inda aka tsai da kai da inda aka ɓoye ƙanenka. Ba sai an yi maka bayani ba. Yaro bai san lissafin gado ba, amma ya san layi. Rigar da muke ta wa'azi a kanta, hatimi ne kawai aka buga a kan abin da yaran suka sani tun ran da suka haye rafin Yabbok.

Isuwan da ake tsoro kuwa sai ya sheƙo a guje ya rungume ƙanensa, ya sumbace shi, suka yi kuka. Dabbobi 550 ban da 'yan raƙuma Yakubu ya tura a gaba don toshiyar baki, Isuwa ya ce yana da abin da ya ishe shi, ƙane ya riƙe kayansa, sai da aka matsa masa ya karɓa. Shi aka cuta, shi ya fara yafewa. Irin gudun nan da rungumar nan sai a Luka 15 na sake ganinsu, wurin uban ɗan da ya ɓata. Amma ban taɓa jin an ɗauki Isuwa an yi wa'azin gafara da shi ba.

Ku haɗa mini sura 34 da 37 ku gani. An ɓata Dinatu, 'yar Lai'atu, a Shekem, Yakubu ya ji ya yi shiru har 'yan'uwanta suka dawo daga kiwo. Abin da Saminu da Lawi suka yi bayan haka kisan gilla ne, ba mai wanke su, amma da uban ya buɗe baki, sunansa da suka ɓata da hatsarin da suka jawo masa ya yi kuka da su. Mutumin nan ne kuma da aka nuna masa rigar Yusufu ya kyakketa tufafinsa, 'ya'yansa maza da mata suka taru su yi masa ta'aziyya ya ƙi. Kafin nan yana gani yaro ɗan shekara 17 yana kawo masa tsegumin yayyensa, yana gani ko maganar alheri ba ta haɗa su, duk da haka ya aike shi shi kaɗai daga kwarin Hebron zuwa Shekem, tafiyar kusan kilomita 80, ya dubo su ya kawo labari. Sai Dotan, sai rijiya, sai azurfa 20. Wanda ya ruɗi ubansa da riga da akuya, 'ya'yansa suka ruɗe shi da riga da jinin akuya. Da suka kawo rigar, ko ta ɗanka ce suka tambaya, ba su ce ta ɗan'uwanmu ba.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Sayar da ɗan'uwa mugunta ce, Yusufu ma da bakinsa ya kira ta haka a sura 50. Yaya bai jefa ni rijiya ba, noma ya yi ya biya mini kuɗin makaranta, irinsa kuma sun fi masu haƙa rami yawa a bencinanmu. Abin da nake cewa, in za a kira laifin 'ya'ya da sunansa, a kira na uba ma. Laifi tudu ne, mu iyaye kuma mu ne a kan mumbari, shi ya sa na yara kaɗai muke hangowa. Ko Afisawa 6, aya 1 zuwa 3 muke sa yara su haddace mu tsaya, aya 4 da ta ce ubanni kada su tsokani 'ya'yansu sai mu bar ta sai wata rana.

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an ba ni ita a taron malamai: zaɓen Allah ne, a duba Romawa 9 da Malakai 1. Ban isa in yi jayayya da wannan ba, ban kuma yi niyya ba. Tun tagwayen suna ciki aka gaya wa Rifkatu babban zai bauta wa ƙaramin. Amma ku lura, wanda Ishaku ya fi so ba shi Allah ya zaɓa ba. Wanda Yakubu ya fi so ya ceci gidan daga yunwa, amma sandan sarauta ga Yahuza ya tafi, firistoci daga Lawi suka fito, Musa ma haka, duk zuriyar bora. Ku buɗe Matiyu sura 1: Ibrahim, Ishaku, Yakubu, Yahuza. Ta ɗakin Lai'atu Almasihu ya zo. To, ina uba zai samo hujjar fifita ɗa guda ya ce shi ma zaɓe yake yi irin na Allah? Da Shari'a ta zo ta hannun Musa, shinge ta yi wa irin abin da ya faru a gidan nan. Maimaitawar Shari'a 21:15-17 ta ce mutum mai mata biyu, yana son ɗaya ba ya son ɗaya, in ɗan farinsa na wadda ba ya so ne, ba shi da iko ya ba ɗan mowa matsayin, kashi biyu na ɗan fari ne. Littafin Firistoci 18:18 ya hana a yi wa mace kishiya da 'yar'uwarta tana da rai. Kamar an zauna an dubi gidan Yakubu aka rubuta su.

Wani abu kuma da ba mu cika faɗa ba, Yakubu bai sauya ba har ya mutu. Yusufu ma ya ɗauki kaɗan daga halin: a wurin cin abinci rabon Biliyaminu ya ninka na sauran sau biyar, da zai sallame su kowa ya sami tufafi, Biliyaminu kuwa kashi biyar da azurfa 300. Wanda ya sauya Yahuza ne, shi da ya kawo shawarar a sayar. Shekara 22 bayan Dotan, ga shi tsaye a gaban mai mulkin Masar, bai san Yusufu ne ba, a sura 44, yana maimaita maganar ubansa cewa matarsa ta haifa masa 'ya'ya biyu. Matarsa, kamar ita kaɗai ce mace a gidan, kamar biyun nan kaɗai ne 'ya'ya. Ɗan Lai'atu ya faɗi wannan da bakinsa, ya haɗiye, ya ce a riƙe shi bawa a maimakon Biliyaminu, don ba zai iya ganin baƙin cikin da zai sami tsohon ba. Bai jira uba ya gyara ba. Maganar nan ce ta sa Yusufu ya kasa daurewa ya fashe da kuka. Ni a nan na ga Yaya. Shi ya yi jinyar Baba wata bakwai, shi yake juya shi, shi yake ba shi kunu da cokali, yana ji tsoho yana tambaya ko Malam ya iso. Yakubu ma da zai mutu ya ce a kai shi kogon Makfela a Hebron, inda aka binne Ibrahim da Saratu matarsa, da Ishaku da Rifkatu matarsa, a can kuma, in ji shi, ya binne Lai'atu. Ku duba Farawa 49:31 da kyau. Ita kaɗai ce ba a ce mata matarsa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto muku ku, ban tsaya a ajin yara ba. Ikilisiyarmu ta ƙirga matan Baba. Shekara da shekaru ba ya cin jibin Ubangiji saboda su biyu ne, ya karɓi hukuncin bai yi gardama ba, ni ma ba shi na zo ƙalubalanta ba. Amma dattawan da suka san yawan matansa sun san wanda aka cire daga makaranta. Sun ga yadi ɗaya da takalmin Bata ran Kirsimeti, a layin gaba suke zaune. Ba wanda ya taɓa zuwa zaure ya ce masa, "Ɗan'uwa, yaran nan duka naka ne." Sai bayan an binne shi suka zo su huɗu da littafi da biro raba gona, suna mamakin yadda 'ya'yan mutum ɗaya ba sa kallon juna. Ishaku da Isma'ilu sun haɗu sun binne Ibrahim, Isuwa da Yakubu sun haɗu sun binne Ishaku, mukan karanta da murna, amma haɗuwar bakin kabari ce. Su 'yan'uwan Yusufu ma, bayan shekara 17 suna zaune a Goshen suna cin arzikinsa, ana binne Yakubu tsoro ya dawo musu sabo, suka aika suna roƙon gafara.

Roƙona, ku shiga gidaje tun tsofaffi suna da rai suna iya magana. In kun zo ziyara, bayan kun tambayi wa ya yi baftisma, ku tambayi wa ke makaranta, wa ke talla, me ya sa. Yarinyar da aka ɗauko riƙo daga ƙauye, wadda take wanke-wanke sa'ad da 'ya'yan gida suke lesin, tana ajina ran Lahadi, in na ce mata Allah ba ya nuna bambanci sai ta dube ni kawai. In kuna tsara wa'azin shekara, ku ba Lai'atu Lahadi guda, ku ba Isuwa guda, ku ba Yahuza guda. A kuma daina sa jama'a su ɗaga hannu suna addu'a 'yan'uwansu su durƙusa musu. Yusufu kansa da ranar ta zo kuka ya yi, da zai sallame su kuma abin da ya ce musu shi ne kada su yi faɗa a hanya.

Bayan maganarmu ta gona na koma wurin Yaya na ce ya haɗa kasona da nasa. Ya ce, "Riƙe gonarka, Malam. Abin da nake bin Baba ba a gona yake ba." Har yanzu ba ya shiga majami'a, amma ran godiyar kaka matarsa takan kawo damin dawa biyu ta ajiye a gaban bagade ta ce daga maigida. Da na gaya masa zan rubuta muku, ya ce in kawo ya gani kafin in aika. Ya karanta a zaure, a hankali, yana bin layi da yatsa. Wuri ɗaya ya gyara mini: na rubuta goma ne suke tsaye a gaban Yakubu, ya ce tara ne, Saminu yana ɗaure. Da zan tashi ya ce in an sa ranar wa'azin Lai'atu, in aiko yaro ya gaya masa.

Naku cikin Almasihu,
wani malamin makarantar Lahadi.